Bangon da Yake Jiƙa a Bazara

Sunana Uwaisu, magini ne ni, kuma ina taɓa fenti. Shekara tara ina yi wa Hajiya Badi'a aiki, kuma duk abin da ake ci a gidana, ni da matata Ladidi da yara huɗu, daga aikinta yake fitowa. Hatta sauran masu kira na su ba ni ɗan gyara, don sun ji an ce ni ne maginin Hajiya suke kira na. Duk ranar da ta ajiye ni, kafin la'asar rabin Kano za su ji, domin Hajiya ba ta iya fushi a ɓoye ba.

Sana'arta sayen tsofaffin gine-gine. Za ta sami sito ko gidan haya wanda magada suka gaji da rigima a kansa, ta saya, ta kira ni in gyara masa fuska, sannan ta sayar ko ta zuba 'yan haya. Takan ce mai saye tun yana cikin mota yake yanke kuɗin da zai biya, shigar da yake yi ciki neman hujja ce kawai. Na daɗe ina ganin haka da idona. Gini ɗaya, ka bar shi da tsagaggen shafe da ƙofa mai tsatsa a yi masa tayin wulaƙanci, ka gyara waje ka shafa fenti mutum ya zo yana cewa a rufa masa asiri a sallama masa.

A farkon shekarar nan ta sayi wani dogon sito a Sharada, maƙwabcin wani kamfanin roba. Rufinsa lafiya lau, daɓensa ko tsaga babu. Ƙofarsa tana kallon yamma, wajen titi, bangon gabas kuma yana kallon wani lungu da ya raba shi da katangar kamfanin. Na kankare tsohon shafe, na yi sabo, na buga fenti ruwan madara a sama, ruwan ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Da na gama na ja da baya na kalle shi, ni kaina sai da na yaba wa kaina, tunda na san Hajiya ba za ta yi ba.

Mako biyar aka yi, gindin bangon gabas ya kumbura. Daga ƙasa zuwa gwiwa fentin ya tashi yana saluɓewa kamar ɓawon dafaffen dankali, ga gansakuka ta fara kore a ƙasansa. Sauran bangwaye uku kuwa ƙalau. Na ce watakila yashin ne aka kawo mini mai gishiri, na zagi mai tifa a raina, na sake shafe da hannuna, wannan karon na rufe shi da fentin mai. Ashe ƙara ɓata lamarin na yi, domin fentin mai ba ya barin bango ya yi numfashi. Kafin wata ya zagayo ya fi na farko muni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne muna tsakiyar bazara, wata biyar ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba.

Ana cikin haka Hajiya ta kawo mai saye, Alhaji Zakariyya, wani mai sarrafa shinkafa daga Hotoro. Gajere ne mai tumbi, irin mutanen da za ka rantse ba za su iya taka ƙafa goma a rana ba. Ya yaba ƙofa, ya yaba rufi, har Hajiya ta fara gyara mayafi tana murmushi. Sai ya tattare babbar rigarsa ya ce zai zagaya baya. Na bi shi a baya. Da ya isa bangon gabas ya tsaya, ya zaro makullin motarsa ya ɗan tsokani shafen, wani ɓangare mai faɗin faranti ya ɓallo ya faɗo masa a kan takalmi.

Ya karkaɗe ƙafarsa ya ce, "Hajiya, ginin nan yana shan ruwa daga ƙasa. Shinkafa ba ta zama da danshi."

Tayin da ya yi kafin ya shiga mota, ko darajar filin bai kai ba. Hajiya ta yi masa godiya da fara'a, ta tsaya har motarsa ta sha kwana, sannan ta juyo kaina. Ba zan maimaita duk abin da ta faɗa ba, amma ta wanke ni tas, ta haɗa da wanda ya koya mini gini, bawan Allah da ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. A ƙarshe ta ce ta ba ni mako biyu. In ban gano ciwon bangon nan ba, akwai wani kamfani mai injiniyoyi masu hular kwano da ya daɗe yana bibiyarta, za ta miƙa musu wannan aiki da duk sauran ayyukanta. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushi, domin na san aikina ba na algus ba ne.

Washegari na fara bincike. Na haƙa rami uku a gindin bangon. Saman ƙasar a jiƙe yake, amma da na nutsa kamu ɗaya sai na tarar da ita a bushe ƙamas. Mai hankali da nan ya gane ruwan daga sama yake zuwa, ni kuwa sai na tsaya ina kallon ramin ina sosa ƙeya. Na bi bututun famfo, duk a ɓangaren yamma suke. Na buɗe sokawe, babu abin da ya same shi. Na tambayi Lawan maigadi ko akwai mai zubar da ruwa a wurin, ya ce shi dai tunda yake gadin nan bai taɓa gani ba. Na tambayi Indo mai abinci da ke bakin lungun, ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu ta nuna mini kwatar da take zubar da ruwan wanke-wankenta, can tsallaken titi, ta ce in na gama binciken in saya ko in matsa mata.

Shawarwari kuwa na sha su. Wani abokin sana'ata ya ce ruwan masu jimar fata ne yake bi ta ƙarƙashin ƙasa tun daga Challawa, na ce to me ya sa ya tsallake duk gine-ginen da ke hanya ya zaɓi bango ɗaya a cikin huɗu. Ladidi ta ce ita dai a ganinta wurin yana da masu shi, in nemi malami ya yi rubutu a yayyafa. Na ce mata bangon da ruwa ya ishe shi ba zan ƙara masa wani ba. Ta ce ai shi ke nan, in ci gaba da haƙa rami.

Ni al'adata a bazara, ana idar da sallar asuba nake kama aiki, sha biyun rana na tattara kayana, in wuce Dakata inda Hajiya take da wani gidan haya da nake gyarawa a cikin inuwa. Duk zaman da na yi a Sharada ban taɓa kai azahar a wurin ba. A kwana na tara babur ɗina ya ƙi tashi. Na buga, na tura, na roƙe shi, ya ƙi. Bakanike ya ce sai ya je ya dawo, kuma kowa ya san abin da bakanike yake nufi da haka. Na sayi shinkafa da wake a wurin Indo, muka shirya, na zauna ina jira.

Ƙarfe biyu jiniyar kamfanin roba ta yi kuka, masu aikin safe suka fara fitowa, masu aikin yamma suna isowa. Rana tana dukan ƙwaƙwalwa, duk unguwar babu bishiya ko ɗaya, inuwar da ake da ita kawai ita ce wadda dogon sitonmu ya shimfiɗa a lungun gabas tunda rana ta karkata. Wani ɗan ga-ruwa ya turo kurarsa ya tsayar a bakin lungun, ba tare da kowa ya kira shi ba. Aka fito da butoci daga wani buhu, aka fara shimfiɗa tabarmi da kwalaye. Wani ya miƙo mini buta, na karɓa na yi godiya, na nemi gurbi a cikin layi na tsuguna.

Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, duk hankalina yana kan mako biyun Hajiya da saura kwana biyar su cika. Da na zo wanke ƙafa sai na yi abin da kowa yake yi, na miƙe na jingina kafaɗa da bango, na dogara tafin ƙafata a gindinsa, na tsiyaya ruwa. Ina kallo ruwan ya bi ɗan yatsana, ya sauka a kan fentina, ya gangara ya kwanta a daidai inda bango ya haɗu da ƙasa. Na ɗaga kai na dubi dama, na dubi hagu. Mutum ya fi ɗari, tun daga wannan kusurwa har waccan, kowa ya fuskanci bangon don kada ya fallatsa wa ɗan'uwansa ruwa. Na tsaya da buta a hannu, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya a bushe, dariya tana cin cikina. Allah ya yafe mini, sallar nan rabinta hankalina a kan bango na yi ta.

Da aka sallame na nufi Lawan maigadi, wanda a sahun gaba ma ya yi tasa sallar. Na ce ashe haka za mu yi da shi. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce shi bai taɓa kawo alwala a cikin lissafin abin da zai ɓata gini ba, abin lada ne. Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ma da aka miƙo mini butar ban kawo komai a raina ba.

Wanda ya ja sallar wani dattijo ne mai farin gemu, Malam Ashafa, mutumin wajen Ringim, ya fi shekara ashirin yana kan inji a kamfanin. Na gaishe shi na tambaye shi tun yaushe suke alwala a nan. Ya ce tun zamanin mai siton na farko. Masallacin cikin kamfanin mutum talatin yake ɗauka, famfonsa kuma ya fi yawan yin shiru, don haka kowane rukuni na ma'aikata nan yake fitowa, tun daga asuba har isha. Na ce to ya aka yi duk kwanakin da na yi ina shafe ban ga alamarsu ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Ai mun ga ana aiki, ɗana. Sai na ce wa jama'a mu matsa gaba kada mu ɓata muku. Da ya bushe muka dawo."

Na koma gida sunana ya wanku, amma raina bai yi daɗi ba. Na san Hajiya. Ina gaya mata za ta sa a zagaye lungun da waya mai ƙaya, mutum ɗari su koma alwala a cikin rana, kuma a ce Uwaisu ne ya kai ƙara. In kuma na yi shiru, masu hular kwano su karɓe abincina. Ladidi ta ce in faɗi gaskiya, in bar wa Hajiya nata zunubin ko ladan. Wannan shawarar tata na ɗauka, na kira Hajiya na gaya mata, na ce ta zo ta gani da idonta.

Washegari ƙarfe biyu saura Hajiya ta iso. Ta sa direba ya tsaya a inda za ta hango lungun, ta ƙi fitowa, ta sauke gilashi rabi. Ta kalli layin masu alwala tun daga farko har ƙarshe. Da aka tayar da salla ta kira ni da yatsa, ta ce gobe in sayo waya mai ƙaya da turaku. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta ce ta zarge ni a banza ba, ni ma ban sa rai ba.

Muna cikin maganar aka idar, sai ga Malam Ashafa ya nufo motar, Lawan ya riga ya gaya masa ga mai siton nan. Ya rusuna ya gaishe ta, ya ce sun daɗe suna son su ga mai wannan gini su yi godiya. Shekara da shekaru suna shan inuwarsa, ga shi yanzu har an yi musu sabon fenti sau biyu. Ya ce kullum bayan salla sai sun sa mai shi a addu'a, ko da yake ba su san ko wane ne ba. Ya ɗaga hannu a nan take, mutane kusan ashirin da suka biyo shi suka ɗaga nasu. Hajiya ba ta da yadda za ta yi, ta fito da hannuwanta ta taga tana cewa amin.

Da suka watse ta harare ni. "Kai ka shirya mini wannan?"

"Wallahi ranki ya daɗe, ban san zai zo ba."

"To yanzu da wace fuska zan kori mutanen da suka gama yi mini addu'a? Kuma ginina ya ci gaba da ruɓewa?"

A nan na gaya mata abin da na kwana ina aunawa. A yi dogon dakali taku huɗu daga bango, inda inuwa take kaiwa, mutum ya zauna a kai ya juya wa bangon baya. A gabansa a yi kwata mai gangare da za ta kai ruwan babbar magudana ta bakin titi. A zuba daɓen siminti a gindin bangon, a karkata shi waje. Duk wannan ta yarda da shi, tana ta ƙorafin siminti. Inda muka saɓa shi ne da na ce zan fasa shafen har ƙugu, in bar bulo tsirara mako uku ya sha iska kafin in taɓa shi. Ta ce ba za a yi haka a gininta ba, in shafe in yi fenti a kwana uku, tana da masu zuwa kallo.

Shekara tara ban taɓa ce wa Hajiya a'a ba. Ranar na ce. Na ce in na rufe shi da danshi a ciki, wata biyu zai sake kumbura a hannun wanda ya saya, sunanta da nawa su ɓaci tare, gara ta ba masu hular kwanon tun yanzu. Ta ɗage gilashin motar, suka tafi. Da la'asar sai ga tifar yashi da siminti sun iso, ba saƙo ba waya.

Ranar Lahadi ma'aikatan kamfanin suka fito da kansu suka haƙa kwatar, Malam Ashafa yana tsaye yana ba da umarnin da babu wanda yake bi. Kwana shida muka gama dakali. Bangon kuwa, ban taɓa barin aiki mai muni irinsa a bayana ba, sama fes da fenti, ƙasa baƙin bulo duk tabo. Hajiya ta daina zuwa Sharada gaba ɗaya, ta ce ba za ta iya kallonsa ba. Ta hana dillalai kawo kowa. Ni kuma kullum da safe sai na je na ɗora tafin hannuna a kai, in ji yadda sanyin yake raguwa.

A kwana na goma sha shida da fasa shafen, ana shirin azahar, na hango wani gajere mai babbar riga zaune a kan dakalina yana nannaɗe hannun riga. Alhaji Zakariyya ne. Daga Challawa yake, ya je duba wani siton, salla ta kama shi a hanya, direbansa ya ce ya san inda ake jam'i. Na so in ɓuya a bayan kurar ɗan ga-ruwa, amma ya riga ya gan ni. Bayan salla ya kira ni ya tambayi wanda ya yi wa ginin wannan aika-aika. Na ba shi labari tun daga farko, har da tawa ƙafar da na wanke a jikinsa. Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. Sannan ya bi bangon daga kusurwa zuwa kusurwa yana shafa bulon, ya sa aka zuba buta guda a kwatar ya bi ruwan da ido har ya fita titi, ya ciro waya ya kira Hajiya.

Ta iso a fusace, kallon da ta yi mini ya ce ni na jawo shi ya ga gininta a tsirara. Ta fara ba shi haƙuri tana cewa aiki ne ba a gama ba. Ya ce ta bar haƙurin. A makon nan sito huɗu ya duba, kowanne yana ƙyalli da sabon fenti, kuma babu wanda ya san abin da aka rufe a ƙarƙashi. Wannan kuwa ya ga ciwonsa, ya ga maganinsa, ya taɓa da hannunsa. Suka koma gefe suka yi ta ja, ita tana rantsuwa shi yana rantsuwa, har suka daidaita a kusa da abin da ta nema tun farko. Sharaɗinsa biyu ne, kada a taɓa dakalin, kuma ni zan ƙarasa shafen idan lokacinsa ya yi.

Har ya buɗe ƙofar mota sai ya juyo wurina, ya ce yana da wani tsohon gini a Bompai da katangarsa take ba shi ciwon kai, in ba shi lambata. Na sa hannu a aljihu ke nan Hajiya ta shiga tsakaninmu.

"Alhaji, sito na sayar muku. Wannan maginina ne, ku nemi naku."

Ya ce ai aro zai yi. Ta ce ba ta bayar da shi aro, aikinta ma ya yi masa yawa har bayan Sallah. Ni dai ina tsaye hannuna a aljihu, daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa idona, don a shekara tara ban taɓa jin ta faɗi haka a gaban wani ba. Ta juyo ta gan ni.

"Kai kuma me kake washe baki? Gobe ƙarfe bakwai ka same ni a Zawaciki, akwai gidan da zan saya. Ka zagaya mini bayansa kafin in ce komai."